"Da Sauƙi" Ba Magani Ba Ne

Kawu Sale,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mutanen Funtua lafiya lau.

Mun bar aji, an fara shiga da mu ɗakin marasa lafiya. Ranar farko aka ba ni wani tsohon manomi daga Maska. Na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, 'yata," alhali ya dafe ciki, zufa tana keto masa. Na san halin mutanenmu, sai na kira babban likita. A ranar aka yi masa tiyata, yanzu har yana shan kunu.

A gaida Inna Rabi, ku sa ni a addu'a. Amma "da sauƙi" ɗin da kake ce mini a waya kan ƙafarka, ban karɓa ba. Ka je asibiti, Kawu.

'Yarka,
Hadiza