Suna Biyu a Tutar Godiya

Zuwa ga ƙanwata Meilan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara, da shagon taliyarku a Guangzhou. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan Linxia alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, ni ma na koma karantar da mata a masallaci.

An ce mini ke ma sai an cire miki mahaifa, amma kin dage sai likita mai furfura, ga jini yana ta zuba. Maigidana, baban Ersa, haka ya dage a kaina. Tun kafin mu tafi asibitin Lanzhou ya sa aka ɗinka jar tutar godiya, irin wadda ake kai wa likita bayan an warke, da sunan Farfesa Tan, shugaban sashen mata, da zaren zinare. Da na ce wa dattijon ina son aikin ƙananan huda, wanda ake zura kyamara ba a tsaga ciki, sai ya yi dariya. Ya ce shi da wuƙa ya tsufa, na kyamara bai yi da yawa ba, ɗalibarsa Likita Shen ce ke yin sa kusan kullum. Baban Ersa ya ce ai wannan sa'ar 'yarsa ce. Dattijon ya ce, "Malam, in taliya za ka ci, gemu kake dubawa ko hannun da ke jan ta kullum?" Kin san baban Ersa da taliya, nan take ya sauko.

Na yi istihara na yarda. Ashe mahaifar ta manne da mafitsara tun tiyatar haihuwar Ersa. Shen ta ce a irin wurin nan ne sabon hannu kan huda mafitsara, ko ya koma tsaga ciki. Ita ta raba su a hankali, jini kaɗan. Washegari na taka da ƙafata.

Tutar kuwa, na hana a cire sunan dattijon, don gaskiyar da ya faɗa mana ma aiki ce. Na ƙara na Shen da hannuna. Da ta gani ta ce, "Goggo, ɗinkina ya fi naki miƙewa."

Waraka ta Allah ce, ƙanwata, amma kada ki ji kunyar tambayar likita sau nawa ya yi wannan aikin da hannunsa. Kuma ki daina jinkiri.

Ki gaida maigidanki, da yaranki Yunusi da Suofiya. Inna da Ersa suna gaishe ki. Ga ragowar zaren zinaren na sa miki a ciki. Kada a ɗinka sunan kowa sai kin tashi.

Yayarki,
Guilan