Da lissafina ake cutar masu sayen firij

Goggo, don Allah ki taimake ni, abin da ke cina ko matata na kasa faɗa wa.

Ina aiki a wani kamfani da ke haɗa firij. Aikina lissafin garanti: cikin firij dubu da muka sayar, nawa za su lalace kafin shekara biyu, sau nawa kowanne zai dawo, nawa gyaran zai ci. Wata huɗu na yi ina bin katunan gyara masu maiƙo a wajen makanikai, har na gano cewa firijin da aka yi wa faci ba ya komawa sabo. In kwamfreso, wato injin da ke sanyaya firij, ya fara ciwo aka lallaɓa shi, wata bakwai yake ƙarawa, sai ya mutu murus. Na kai wa manaja da murnata, a zatona zai ce a riƙa sauya kwamfreson gaba ɗaya.

Goggo, mutumin nan har tafi ya yi mini. Washegari ya ba da umarni: duk firijin da ya zo saura ƙasa da wata bakwai garantinsa ya ƙare, faci kawai, ya je ya mutu a hannun mai shi. Jadawalina aka manna a bango, da sunana a ƙasa. An ƙara mini albashi, amma wallahi ko kallon bangon nan ba na iya yi. Shugaban makanikai, dattijon da muke shan shayi tare, yanzu in na shigo sai ya ce ga mai yanka wa firij ranar mutuwa ya iso. A yi dariya, ni kuma in yi yaƙe.

Ga inda ta ƙara caɓewa. Surukina, mahaifin matata, yana da kemis, ni na sa ya sayi namu don ajiye allurai. Shekaranjiya na ga firijinsa a layin gyara, saura wata biyar garantinsa ya ƙare. Ina iya raɗa wa dattijon ya sa masa sabon kwamfreso, ba mai sani. To sauran fa? Wata mai sayar da ƙanƙara har durƙusawa ta yi tana godiya da aka miƙa mata nata da aka yi wa faci. Ƙyamar kaina nake ji. In ajiye aikin ne? 'Ya'yana uku.

Mai Lissafi

Ɗana Mai Lissafi,

Ni ma da na karanta sai da na ture abincina. Amma kada ka ɗauki kayan da ba naka ba. Kamfanin da bai san abin da garanti zai ci masa ba rufewa zai yi, kowa ya rasa. Lissafi ba laifi ba ne, manajanka ne ya mai da wuƙar yanka albasa ta yankan aljihu. Naka laifin shi ne shirun da ka yi bayan an manna takardar.

Mutumin da ba ya jin kunya yana jin asara, don haka da harshensa za ka yi masa magana. Ka koma wurin dattijon nan, ba'arsa ta nuna zuciyarsa na tare da gaskiya. Ku tattaro adadin firijin da aka yi wa faci suka dawo kafin wata bakwai, da dillalan da suka fara gudun kayanku. Ka rubuta sabon lissafi, ka miƙa wa manaja da na sama da shi, ka riƙe kwafi.

Surukinka kuwa, ban yarda da raɗa ba. Ka gaya masa gaskiya yau, ya kwashe allurai zuwa wani firijin, ya zo da takardar garantinsa ya nemi cikakken gyara a fili. Rayukan mutane ne a ciki. Matarka ma ta ji daga bakinka, mahaifinta ne.

Kada ka yi murabus cikin fushi, ba a sakin reshe a kama ganye. Ka fara neman wani aikin cikin natsuwa. In sun ƙi gyara halinsu, ka tafi, ka kai ƙorafi hukumar kare masu saye.

Allah Ya tsare maka halalinka, Ya raya maka yaran.

Goggo