Mu Huɗu Muka Sallaci Haladu

Zuwa ga Yaya Hajo a Baturiya,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da yara? Ruwa ya janye daga fadama kuwa?

Ni lafiya lau nake a wurin haƙar kuza, sai dai sanyin Jos da ɗan tari. A aiko mini da busasshen kifi.

Yaya, Haladu ya rasu a nan wurin kuza, mai fiton nan na garinmu da ko anini ba ya karɓa a hannun talaka. Mu huɗu muka sallace shi. A ranar ne heluma, shugaban aikinmu da ke tauye mana awon dawa, yake sunan ɗansa, bariki kaf ta tafi can ana ta "ranka ya daɗe". Daga maƙabarta ni ma can na nufa, saboda yunwa.

In Larai matar Haladu ta tambaya, ki ce mata jama'a ta taru.

Allah ya sada mu.

Ƙaninki,
Ɗan'auta