Ƙodar da Na Ba Shi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar nan taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, na zaɓi takarda ne saboda in na kira ki a waya, kuka zai hana ni magana. Yau kwananmu goma sha ɗaya a asibiti da Baban yara. Ba ƙodar ba ce. Ƙodar da na ba shi shekara biyu da suka wuce tana aikinta lafiya lau. Kansa ne.

Daga shago abin ya faro. Wani mai gidan burodi ya kawo allo a rubuta masa suna, sai Baban yara ya cunkushe rubutun duka a gefen dama, ya bar hagu fayau, ya kuma rantse shi bai ga aibu ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana rubuta allunan shaguna ko rula ba ya ɗorawa! Daga nan sai kafaɗarsa ta riƙa dukan ƙofa, hannun hagu ya mutu, harshe ya yi nauyi.

Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, sun zuƙi ruwa daga gadon bayansa. Likitar ƙoda, wata dattijuwa da ba ta iya kwana-kwana ba, ita ta zaunar da ni. Ta ce wata ƙwayar cuta ce da mutane da yawa ke ɗauke da ita tun yarinta, tana kwance a ƙoda, ba ta cutar da kowa. To magungunan da yake sha don kada jikinsa ya ƙi ƙodata, su suka kwantar da garkuwar jikinsa. Da ƙwayar ta ga babu mai tsaro, sai ta shiga hayayyafa, tana kwafar rubutun halittarta da kuskure, ta tsallake wani layi, ta maimaita wani. Cikin kurakuran nan aka samu wadda ta iya zaman ƙwaƙwalwa, tana cinye rigar jijiyoyi kamar yadda ɓera ke gurgurar robar wayar lantarki. Ta ce cutar ba a cika ganinta ba, kuma ba ta da magani.

Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Farfesan ƙwaƙwalwa. Jiya ya shigo da ɗalibansa tara, yana murza hannu kamar an ajiye masa abinci. A gabana ya ce, "Shekara ashirin da biyu ina jiran irin wannan." Bai san sunan Baban yara ba, "gado na bakwai" yake ce masa. Ya sa shi ya taɓa hancinsa da yatsa, yatsan ya tafi kunne. Ya ce ya sake, ya sake, don na baya su gani. Miyau ya zubo masa har wuya, mutum goma a tsaye, babu wanda ya miƙa hannu ya share.

Ni na share. Kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai safiyar da nake canja masa zanin gado zuciyata ta tashi, na ruga banɗaki. Ya ji ni. Da na dawo ya juyar da fuskarsa bango. Har yanzu ina jin ƙyamar kaina.

Ki sa mu a addu'a. Ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
Mai Tsiwa

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Na samu wasiƙarki, Allah Ya saka da alheri. Yaya yaran? Ki ce wa 'yar autarki na ga zanen da ta yi, na manna shi kusa da gadon, ta ɓangaren dama inda yake iya gani.

Kin tuna wan Baban yara, direban tankar mai? Wanda lokacin da ake neman mai ba da ƙoda ya tuna yana da ciwon baya? To ya zo, da lemu uku a leda da bakinsa. Ya ce danginsu kakaf babu mai ciwon kai, wannan shigo da shi aka yi. Na ɗauki maganar jahilci ne kawai.

Ashe Farfesa ya sa an karɓi fitsarina tun makon jiya. Ce mini aka yi duba lafiyar ƙodata da ta rage za a yi. Shekaranjiya ya tare ni a baranda, wansa na tsaye, masu jinya na wucewa, ya buɗe takarda mai layuka kala-kala. Ya ce sun karanta rubutun ƙwayar da ke kan mijina, sun karanta na wadda ke jikina, kuma tawa ce uwar. Cikin ƙodata ta bi ta shiga jikinsa, can ta sake kama. Har da cewa, "Kin ga kyawun abin? Ga ta kafin ta canja, ga ta bayan ta canja." Kyau fa ya ce, Yaya.

Wansa ya tafa hannu ya ce, "Ai na faɗa!" Kafin azahar ya buga wa dangi kaf. Ƙanwarsu da muke ci a kwano ɗaya, jiya ta ƙi shan ruwa da kofina.

Likitar ƙoda ta yi wa Farfesa tatas a ofishinta, har waje ana ji. Ni kuma ta ce mini ba laifina ba ne, wataƙila ita ma tana da ƙwayar, shi wansa ma haka. Kunnena ya ji, jikina bai ji ba. In na shiga wanka na taɓa tabon nan na gefen cikina, sai in ji kamar na taɓa mushe.

Sannan ta ajiye mini zaɓi, tunda shi yanzu ba ya fahimtar doguwar magana. Hanya ɗaya ce: a janye magungunan nan, garkuwar jikinsa ta farka ta yaƙi ƙwayar. Amma in ta farka, ƙodata ma baƙuwa ce a wurinta, za ta far mata. In an bar magungunan, ƙodar za ta zauna lafiya, shi kuma watanni kaɗan ne. Ko an janye ma babu tabbas.

Wansa ya ce a cire ƙazantar kawai. Na dube shi na ce, "Yaya, in an cire, taka za a sa?" Ya ce mota na jiransa.

Na sa hannu da safiyar nan a janye magungunan.

Ƙanwarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gidan. Ki yafe mini shirun wata huɗu, hannuna ne bai samu sararin riƙe biro ba.

Mun dawo gida. Yana raye, alhamdu lillahi. Makonni uku na farko ya ƙara rikicewa, kansa ya kumbura, har na fidda rai. Daga baya hoton ya nuna cutar ta tsaya. Abin da ta ci dai ta ci: ba ya gani ta hagu, yana jan ƙafa, magana sai a hankali. Shago mun rufe.

Ƙodar ta mutu. Ta kumbura tana sa masa zazzaɓi, sai da aka yi aiki aka cire ta. Mun koma wankin ƙoda sau uku a mako, kujera guda da muka baro shekara biyu baya, har mai sharar wurin ta gane ni. Wansa kuwa, tun da likita ta ce duk mai niyyar ba da tasa nan gaba ya zo a gwada jininsa, wayarsa ta daina shiga.

Farfesa ya aiko da takardu biyu. Ta farko yana neman ƙodar da aka cire don bincike. Na sa hannu, ko Allah zai sa wata matar ta tsira daga abin da na gani. Ta biyu yana neman alƙawarin ƙwaƙwalwar mijina in ya rasu. Mutum na zaune yana koyon riƙe cokali! Na je da kaina na ajiye masa ita a tebur, na ce in yana so, ya zo ya roƙi mai ita, ya kira shi da sunansa. Bai zo ba.

Abu ɗaya ya rage mini, shi ne Baban yara bai san daga ina cutar ta fito ba. Na san dangi za su riga ni, kuma da guba za su faɗa. Jiya da hantsi, yara sun tafi makaranta, ina yanke masa farce a tsakar gida, sai na faɗa masa duka. Na kasa ɗaga kai. Na ce in ya ji ƙyamata, ba zan ga laifinsa ba, don ni ma ina ji.

Ya daɗe yana haɗa kalmomin. Ina ganin bakinsa na kokawa da su. Can ya ce, "Malama... ke dai... ba ki iya kyauta ba... sai kin sa gyara."

Yaya, dariya ta kama ni, ta juye kuka, shi kuma yana ta jan gefen zanina da hannunsa mai lafiya. Da na natsu ya ce shekara biyun nan da ya yi yana shan ruwa son ransa, yana kai yara makaranta da ƙafarsa, wa ya ba shi? Sannan ya tallafo ɗaya hannun, wanda ya mutu, ya miƙo mini, ya ce in ƙarasa, kada in bar shi da farce rabi da rabi.

In gwiwarki ta bari, ki zo mana ko na mako guda ne. Ina so in yi barcin rana ɗaya wani na riƙe da gidan.

Ki huta lafiya. Allah Ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Mai Tsiwa