Muryar Yayata Ta Dishe, Ta Ce Mura Ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Har yanzu ina jin ƙarar fankar ofishin 'yan sandan nan tana juyi kamar ta gaji, da muryar Yayata a dishe. Yayar da in tana karatun Alƙur'ani da asuba nake lafewa a shimfiɗa ina saurare don daɗi. A Dingaya take aure. Ranar ta zo mana Birnin Kudu da kumburarren ido, mijinta ya doke ta, ni na matsa muka kai ƙara.

'Yar sandan da ta karɓe mu mai kirki ce. Ta ce akwai tambayoyin da suke yi don su gane ko mutum zai sake, ko abin zai iya kaiwa ga rasa rai. Ana cikin haka sai ga mijin da mahaifinsa, aka ba tsohon benci kusa da mu. Kun san mace a gaban surukinta. Yaya ta zame ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi har haɓa. 'Yar sandan ta tambaye ta ko mijin ya saba dukanta, ta girgiza kai. Ko ya taɓa cewa zai kashe ta, ta girgiza kai. Da aka zo kan ko ya taɓa shaƙe ta, tsohon ya ce, "'Yata, faɗi gaskiyarki, ba komai." Ta ce, "A'a Baba." 'Yar sandan ta ce, "To muryar fa?" Ta ce mura ce.

Aka ɗauka karon farko ne, aka ce a je gida a sasanta. Babanmu ma ya ce ta yi haƙuri. Ta koma.

Sai bayan girbi na haɗu da maƙwabciyarta a asibiti, take gaya mini cewa a ranar dukan nan, da ƙyar suka ɓamɓare hannun mijin daga wuyan Yaya, kuma ba ranar ya fara ba. Yanzu wayar Yaya ma tana aljihunsa.

In na koma wurin 'yar sandan ni kaɗai, Babanmu zai ce na kashe auren 'yar uwata, ita kuma na san a gaban tsohon nan a'a za ta sake cewa. In na yi shiru, ban san kiran da zai zo mana ba.

Jiya maƙwabciyar ta haɗa ni da Yaya a waya. Muryar ta sake dishewa. Ta ce mura ce.

Don Allah, ya zan yi?