Hedifon na Bakwai

Zuwa ga Huseina, sanyin safiyata, inuwar rimin da nake fakewa a ƙarƙashinta, ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa a gindin Kufena,

Sallamar Allah ta same ki a Tukur-Tukur, ta shiga har ɗakin da aka hana ni shiga.

Ina sanar da ke a hukumance, ke da 'yar'uwar tagwaicinki Hassana da na san tana leƙen takardar nan ta bayan kafaɗarki, cewa ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, a shagon Nafi'u da ke kasuwar birni, aka kawo ƙarshen binciken da ya ci wata bakwai na rayuwar mijinki. An samu hedifon. A sanar da dangi, a faɗa wa maƙwabta. Ba a yi walima ba, domin mai girkin ba ta gida.

Yau kwana goma sha ɗaya da kika ɗauki mayafinki kika bar gidanmu na Ƙofar Jatau, kika tafi wurin Hassana. Kin ƙi ɗaukar wayata, shi ya sa na koma ga alƙalami, na roƙi maƙwabciyarmu Iya Rakiya ta kawo miki wannan hannu da hannu. Ta karɓa tana kallona kamar wanda ya zubar da man ja a kan sabuwar tabarma. Gidan nan ya yi mini faɗi, Huseina. Tsakar gida ta zama fili, randa ta ƙi sanyi, tuwon saye kuwa cika ciki kawai yake yi. Wace irin rana ce wannan da take fitowa ba ta tarar da ke kina shara ba?

Kin tuna zauren mahaifinku a Ƙofar Galadima, shekara ashirin da huɗu da suka wuce, yammacin da ruwa ya tsare ni? Mutane suna ta wahalar rarrabe ku da Hassana, wasu da tabon goshi, wasu da tafiya. Ni ban taɓa buƙatar ido ba. Hassana in ta yi dariya a tsakar gida, gida uku ke sanin abin da ya ba ta dariya. Ke kuwa muryarki kamar audugar rimi take sauka, ba ta motsa ko ƙura. Ran nan na tambaye ki ko kin amince da ni. Kika ba ni amsa kina kallon yatsun ƙafarki, ruwa na dukan rufi, na yi ta sunkuyowa don in ji har hulata ta faɗi a gabanki. Amma na ji! Na ji amsar, na ji ƙarar awarwaronki da kika rufe baki kina dariya, na ji har numfashin da kika ja kafin ki yi magana. Da wannan kunnen nake taƙama tun daga ranar, kuma kin sha jin taƙamar.

Kin san yadda abin ya faro. Kaset-kaset ɗin da na gada wurin Baba, na gurmi da kukuma da sarewa, na kai aka juye mini su a waya don kada su lalace. Da na saurara da ɗan iyafis ɗin sawa a kunne da ya zo da wayar, sai na ji kiɗan ya zama kamar miyar da aka tsuga wa ruwa. Na shiga karatu, kin san cutata. Na gano akwai mutane a duniya da ba su da aiki sai sauraro, kuma akwai hedifon da kuɗinsa zai sayi fili a bayan ganuwa. Wai wanda ya sa shi zai ji zamewar yatsan makaɗi a kan tsirkiya, ya ji mai sarewa yana haɗiyar yawu. Malamin makaranta irina ba zai sayi wannan ba ko a mafarki. Amma masanan sun ce akwai masu araha da suke bin bayansa kusa da kusa, in mutum ya iya nema. Wa ya fi ni iya nema?

Ke kika sha wahalar ilimin nan. Kina tankaɗen gari ina yi miki lacca a kan mai buɗaɗɗen baya da mai rufaffen baya, mai igiya da marar igiya, wanda ke kumbura kalangu har ya danne murya da wanda ke barin kowane sauti a mazauninsa. Kika saurara har na gama, sannan kika tambaye ni ko a cikinsu akwai wanda ke jiyo wa mutum kiran abinci. Na yi dariya na ce ba a yi ki don fasaha ba.

Shida na ɗauka a wurin Nafi'u, shida na mayar masa. Dukansu laifi ɗaya: ɓangaren hagu ba ƙarfi, kuma siririn sautin nan na kukuma, wanda yake shiga zuciya kamar allura, babu shi. Na zagi masu ƙera su, na zagi masu shigo da su, na yi wa Nafi'u huɗuba a kan zamanin da komai ya zama jabu. Bawan Allah, sa'ana ne, tare muka yi firamare, yana karɓa yana canza mini yana cewa Allah ya huci zuciyar Malam.

A cikin waɗannan watanni ne kika daina gaishe ni. Haka na rubuta a zuciyata, haka kuma na faɗa. Shekara ashirin da huɗu, kullum bayan na dawo daga masallaci na zauna da littafina, kina shigowa ta ƙofar da ke hagu da tabarmata, ki durƙusa, ki ce mini ina kwana. Sai ga shi kina shigowa, ki ajiye koko, ki ɗan jima a durƙushe, ki tashi da fuska a ɗaure. Na ce gaba ake yi da ni, kuma ba ni zan fara magana ba. In na ɗaga kai na ga leɓɓanki suna motsi, sai in ce ƙunƙuni ne. Ni, da furfurata, ana yi mini ƙunƙuni a gidana! Ranar Jumma'ar da Hassana ta zo, na ga dama ta samu. Na ce a gabanta matata ta zama rediyon da batirinsa ya mutu, fitila na ci, magana babu. Kika rantse da Allah, idonki cike da hawaye, cewa ba safiyar da ba ki gaishe ni ba, ni ne nake juya shafin littafi kamar kaza ce ta shigo. Me na ce? Na ce mutumin da ke rarrabe gurmi da garaya a kaset mai shekara arba'in ba zai kasa jin gaisuwa a ɗakinsa ba. Na ji daɗin jimlar a lokacin. Har na so in rubuta ta.

To, ga abin da ya faru ranar Talata. Nafi'u ya aiko cewa na bakwai ya iso daga Kano. Na je, na sa, na kunna kukumar Baba. Hagu ba ƙarfi. Na buɗe baki zan fara huɗuba, sai ya miƙo hannu ya cire mini shi daga kai, ya juya shi, ya mayar mini, ɓangaren dama a kunnen hagu, na hagu a kunnen dama. Huseina, raunin bai bi hedifon ba. Yana nan a hagu inda na bar shi. Na cire, na juya da kaina, na sake juyawa, har mutanen da ke shagon suka daina ciniki. Nafi'u ya sa a nasa kan, ya lumshe ido, ya ce tun da ya buɗe shago abu mai daɗin wannan bai taɓa shigowa ba. Sannan ya dubi ƙasa ya ce in yi haƙuri, shidan nan duk ya sayar da su, kuma ba wanda ya dawo.

Washegari na je asibiti. Likitar ma hedifon ta ɗora mini, ta ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Na zauna da hannuna a cinya ina jiran a fara, ashe an daɗe da farawa. Ta ce hagu ya kusa tafiya gaba ɗaya, dama ma ya kama hanya. Ta ce siraran sautuka ne ke fara ɓacewa: kukan ƙananan tsuntsaye, tsirkiya mai kaifi, murya mai laushi. Akwai na'urar da ake maƙalawa, za ta taimaka, amma ba za ta dawo da abin da ya tafi ba. Na tambaye ta shekara nawa suka rage wa na daman. Ta ce wannan sanin na Allah ne.

Na dawo na zauna a gindin darbejiyar tsakar gida. Kin tuna na ce miki tsuntsaye sun ƙaurace wa unguwar nan saboda hayaniyar janareta? Suna nan, Huseina. Na ɗaga kai na gan su cike da reshe, bakunansu na buɗewa suna rufewa.

Tsoro nake ji, hasken idona, ba kuma na kurumta ba. Tsorona kada ya zama magana ta ƙarshe da na ji sosai daga bakinki ita ce rantsuwar nan da kika yi kina kuka, domin ranar ce kaɗai kika ɗaga murya. Na adana kiɗan mutanen da suka daɗe da rasuwa, na share kaset da auduga, na hana kowa taɓawa, amma muryar da ke kwana a gidana shekara ashirin da huɗu ban naɗe ko kalma ɗaya tata ba. Ina laluben ta a kaina, tana zille mini kamar kifi a ruwan Galma. Wane irin hukunci ne wannan, a ce zan ci gaba da jin Hassana har kabarina, ke kuwa ki ɓace mini? Kowace safiya da kike Tukur-Tukur, safiya ce da aka ɗebe daga ɗan abin da ya rage mini. Ba ni da su da yawa da zan yi kyauta da su.

Ki dawo, ya ruwan randata, ya iskar da ke riga hadari isowa. Na riga na juya tabarma, yanzu ƙofa tana damana. Zan rufe littafi in kin shigo. Zan koyi kallon bakinki, aikin da ba zai gundure ni ba. Ranar Jumma'a bayan an sauko zan zo biko da kaina, ba aike ba. Ki ce wa Hassana ta shirya duk abin da ta tara mini, ba abin da zai wuce ni a ciki, nata kam ina ji tsaf. Hedifon ɗin kuma yana cikin kwalinsa. An ce mai kyau ne, na yarda da shaidar Nafi'u. In kin ga dama wata rana ki sa shi, ki saurari kukumar Baba, ki ba ni labarin abin da ke faruwa a ɓangaren hagu.

Ko kunnuwan nan biyu sun rufe ruf, ba wata da za ta zauna inda kike zaune, daga yau har ranar da za a fitar da ni ta ƙofar gidan nan a kafaɗa.

Mijinki, naki ke kaɗai,
Sabo

Na cika takarda ina kewaye-kewaye, kamar yadda na saba. Kin gaishe ni, Huseina, kowace safiya. Ni ne ban amsa ba, kuma ni ne na ƙaryata ki a gaban 'yar'uwarki. Na yi kuskure. Ki yafe mini.