Sifirin Khairiyya

Roni, Litinin.

Zuwa ga matata Khairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ciwon kan nan ya sake ki. Inna tana gaishe ki, ƙafarta da sauƙi.

Ba zan ɓoye miki ba, an yi zama a kanki. Ƙanwata Sadiyya ta ji kina gaya mini a waya cewa shekara biyu ke nan kina bin sifiri, sai ta kai wa Kawu Sama'ilu wai sifiri kike ci a jarrabawa. Ya kira ni zaure, ya ce in ɗauko ki daga jami'a kafin Juma'a. Na durƙusa na saurara har ya gama. Ban ce to ba.

Na gwada yi masa bayani yadda kika koya mini: akwai wani lissafi mai suna zeta da yake komawa sifiri a wasu wurare, waɗanda kuke bi kuwa duk a layi ɗaya ake samunsu, ba wanda ya san dalili. Da na ce kuna aron dabarar masu binciken ƙwayar zarra, sai ya ce au, abin ma ido ba ya ganinsa? To hisabi ne, duba ne. Na ɓata miki ke nan wajen gyara.

Amma ji abin da na lura a tasha. Kin ce wuraren nan ba sa manne wa juna, kamar matakan ƙarfin cikin zarra. Mu ma direbobin Kazaure haka muke. Ba mai tashi a gindin wani, don na gaba ya kwashe fasinjan hanya. In ya yi nisa ka taka, in ka hango shi ka sassauta. Ba wanda ya tsara mana, amma tazarar tana nan. Ni da na tsaya a aji huɗu na gane akwai magana a ciki. Ki gaya mini in na yi shirme.

Naki,
Ashiru.

Roni, Asabar.

Khairiyya,

Sallama da fatan alheri. Yaya gajiyar karatu? Na ji saƙonki, na ji kuma kukan da kika so ɓoyewa. Kin ce za ki haɗa kaya don kada ki raba ni da dangina. Ban yarda ba. Ni na ba ki izini, ban janye ba.

Jiya Juma'a na yi lodina na Kazaure na dawo. Kawu yana tsaye bakin tasha, ya leƙa kujerar gaba yana neman ki, ya ga buhun gyaɗa. Tun daga nan bai amsa gaisuwata ba. Yau da safe na je na durƙusa na gaishe shi, gobe ma zan je, jibi ma. Ya fi ni shekaru, amma bai fi ni jira ba.

Ki kwance kayan nan, ki koma kan allonki.

Mijinki,
Ashiru Falalu.